Kina Ji?

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake komawa. Kawu ya riga mu tafiya da hantsin wata rana da ruwa ya yini yana zuba a Yawunde. Abin da ya fara taɓa ni shi ne yadda labarin ya zaga unguwarmu Birik ba tare da lasifika ba. Shekara da shekaru, duk wanda ya rasu a unguwarmu da kayan Kawu ake sanar da lokacin jana'izarsa. Da tasa ta zo sai baki ya riƙa miƙa wa baki, daga shagon tela zuwa rumfar masu tsire, har ya isa kasuwar Mokolo a jiƙe.

An kafa rumfa a bakin layi, maza suka zauna ƙafafunsu duk jar laka. Ni ina kai ruwa zaure ina dawowa, don haka na tsinci maganganu daga ɓangarorin biyu. Liman ya ce shi shaidarsa guda ce: tun da yake wa'azi a unguwar nan bai taɓa waiwayawa ya nemi Mai Sono ba, kamar yadda ake kiran Kawu saboda sana'arsa ta kayan sauti, domin murya ba ta taɓa yanke masa ba. Wani tsohon ɗan kasuwa, abokin Kawu tun zuwansa daga Nijeriya, ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗaga muryar mutane, shi kuwa sai ka matso da kunne kafin ka ji me ya ce." Wata mata ta zo daga unguwar Nkomkana, ba Musulma ba ce, ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, tana kuka da Faransanci. Ta ce Kawu ne ya kai kayan sauti zaman makokin mijinta, kuma da ya ji akwai mara lafiya a maƙwabta sai ya juya lasifikar ta kalli bango.

A cikin gida kuwa, da yamma ta yi kuka ya lafa, wata tsohuwa ta gyara murya, ta yi ƙasa da ita kamar ta namiji, ta ce, "Kina ji?"

Tsakar gidan ta ɗauki dariya mai haɗe da hawaye. Maza a waje ba su san abin da ya faru ba, kuma ko an maimaita musu ba za su gane ba. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna tana zaune a tabarmarta ta takaba, ta zuba wa ƙasa ido.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. A gidansa na tashi tun da mahaifiyata ta rasu, gidansa kuma na dawo da aurena ya mutu, bai tambaye ni komai ba sai dai ya sa aka share mini tsohon ɗakina. Ina rubuta wannan ne don na lura mai sono ba a tunawa da shi sai murya ta yanke. A hotunan bukukuwan Birik kaf, ba za ka ga Kawu ba, sai dai gefen hularsa ko gwiwar hannunsa a bayan wani ango.

Sana'arsa ke nan, kai sauti wurin taro: ɗaurin aure, suna, maulidi, wa'azi. Jarinsa lasifika biyu ne, da akwatin wayoyi, da wannan na'urar mai maɓallai rututu wadda duk muryoyi ke shiga cikinta kafin su fita, wadda mu a nan muke kira tabul. Tabul ɗin yana da mafita biyu a bayansa, dama da hagu. Masu sono na zamani sukan jera lasifikunsu biyu a waje su cika titi da ƙara. Kawu bai taɓa yin haka ba. A wurinsa dama ta waje ce, ta maza, hagu kuwa ta ciki ce, ta mata. Zai ja doguwar waya ta cikin zaure, ta ƙetare kwata, ya rataye lasifika a bangon tsakar gida, inda ake girki da hayaƙi da kukan yara. Duk abin da ya shafi hagu ya ɗiga masa jan farce don kada ya ruɗe. Jan farcena ne, ya aro bai dawo da shi ba.

Inna kuma mai girkin biki ce, saboda haka kusan duk inda aka ɗauke shi ita ma tana can ciki a bakin tukunya. Kafin a fara taro, sai Kawu ya murɗa maɓalli gaba ɗaya zuwa hagu, yadda na waje ba za su ji komai ba, ya kai makirfo bakinsa. Sauran masu sono "alo, alo, un, deux" suke cewa. Shi kalma biyu ce tasa, a hankali, kamar mai tada mai barci.

"Kina ji?"

Sai Inna ta ɗaga ludayin ƙarfe ta buga gefen tukunya sau biyu. Shi ke nan, an gwada, sai a fara.

Ni kuwa na girma da littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, waɗanda ake haya a wani lungu na Mokolo har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu saurayi yakan tsaya ƙarƙashin bishiya ya yi shafi biyu yana kwatanta idon budurwa. A gidanmu ban taɓa jin Kawu ya kira sunan Inna ba, ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Sai na ɗauki kalmomin nan biyu na gina musu bene a zuciyata. Na ce ga mutumin da ya rasa inda zai faɗi abin da ke ransa, sai ya ja waya mai tsawo ya faɗa a gaban matan unguwa duka, ba tare da namiji ko ɗaya ya ji ba.

Wata rana muna tsince shinkafa na gaya wa Inna haka. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Littattafan nan sun gama da ke," in ji ta. "Lasifika yake tambaya."

"Lasifika, Inna?"

"Ba mace ba ce? In ta mutu me kike cewa, ya lalace ko ta lalace?"

"To ke me ya sa kike amsawa?"

"Don ita ba ta da hannu. Ki kula, kina zubar mini da shinkafa."

Ban haƙura ba, na je na sami Kawu a zaure yana naɗe waya a gwiwar hannu. Na ce, "Kawu, wai wa kake tambaya in ka ce kina ji?" Ya ce, "Aiki ne, 'yar nan." Amma ranar sai da ya warware wayar ya sake naɗewa, domin ya naɗe ta a baibai, abin da ban taɓa gani ba. Wannan ma na ɗauka na ƙara a kan benena.

Mutum ne marar faɗa, amma sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci a bainar jama'a. Bikin 'yar wani attajiri ne a unguwar Tsinga. Ƙanin uban amarya ya ga waya ta nufi cikin gida, ya ce a fito da lasifikar nan waje a haɗa da ɗayar, yana so har ƙasan tudu a ji sunayen manyan baƙi. Kawu ya ce, "Alhaji, uwar amarya tana ciki. Ita ma tana so ta ji an ɗaura." Mutumin ya ce mata ai hira suke yi, ba sauraro ba, kuma shi ya ɗauko kaya, shi zai ce inda za a sa su. Kawu ya juya ya koma wurin kayansa. Ya kashe tabul, ya naɗe wayar ciki, ya naɗe ta waje, ya loda komai a kura ya turo abinsa har gida da rana tsaka. Bai jima da isowa ba sai ga Inna a bayansa da ludayinta a hannu, ta bar musu tukunya a kan wuta. Ya zauna a zaure, ta shiga ta ɗora mana tuwo. Mutanen gidan nan sun daɗe ba sa gaishe shi. Ranar rasuwarsa na ga ƙanin uban amaryar a rumfa, ya tsufa, yana jan carbi kansa a ƙasa.

A wurin biki Kawu shi kaɗai yake zama, a bayan rumfa, kan akwatin wayoyi. In aka kawo masa abinci yakan ajiye a ƙasa har ya huce, don hannunsa ba ya barin tabul muddin wani yana magana. Jama'a na dariya yana kallon 'yan fitilun da ke hawa da sauka. Ɗansa guda, Yaya, ya bi shi aikin na ɗan lokaci, sannan suka saɓa a kan tabul ɗin. Yaya ya ce ya tsufa, a sayar a sayi na zamani. Kawu ya ce, "Ni ma na tsufa." Yaya ya koma Mokolo sayar da wayar salula, Kawu ya ci gaba da tura kurarsa shi kaɗai.

Da damina, in ba aiki, a zaure yake yini yana gyare-gyare, ni kuma ina gefe da littafina don nan ne haske ya fi. Yana aiki yana magana, ban sani ba ko da ni yake ko da kayan. "Murya matafiyiya ce," yakan ce. "In ba ta iso ba, kada ki tsaya inda kike jiranta kina zagi. Koma inda ta taso ki bi sawunta." Kuma yakan ce abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, domin in ka sauya biyu, ko ya gyaru ba ka san mai laifi ba, ka kuma zalunci marar laifi.

A irin wannan yinin ne hagu ta fara ɗauke masa. Ya bi sawu tun daga makirfo, ya wanke waya, ya wanke lasifika, har ya tsaya a kan wani ɗan rami a bayan tabul, kusa da mafitar hagu, wanda ba a taɓa sa komai a cikinsa ba. Ya ce a cikin ramin akwai harsunan ƙarfe biyu da ke manne da juna, murya ta kansu take bi ta wuce. Danshin Yawunde ya sa sun yi tsatsa sun daina taɓa juna. "Sun daina gaisawa," in ji shi, "sai a sa musu ɗan aike." Ya ɗauko kan waya guda marar jela, ya liƙe ƙafafunsa biyu da dalma, ya cusa a ramin. Murya ta dawo. Ya sa wa abin suna ƙusa, ya zagaye ramin da jan farce. Na ce, "Kawu, kamar a littafi." Ya ce, "A littafi nawa ne dalma?"

A shekarun ƙarshe kunnensa ya yi nauyi, amma bai gaya wa kowa ba. Na gane ne don na ga yana dafa lasifikar waje da tafin hannu kafin ya yarda tana aiki. Ta ciki kuwa ba ya iya shiga ya dafa ta a gidan mutane. Sai na lura Inna ta sauya ludayi, ta koma wani babba mai nauyi, kuma bugun da take yi ya ƙara ƙarfi har mata suna cewa za ta fasa musu tukunya.

Ranar sadakar bakwai aka wayi gari da yayyafi. Tun da aka yi rasuwar Inna ba ta yi magana mai tsawo ba, daga "lafiya lau" sai "amin". Da safen nan na kai mata kunu, ta riƙe gefen hijabina ta ce, "An ja waya ciki?" Mai takaba ba ta fita rumfa. In addu'ar da malamai za su yi wa mijinta ba ta shigo ta waya ba, ita kaɗai a Birik za ta rasa ta, ita da sauran matan da ya yi shekaru yana kai wa murya. Na ce mata Yaya yana kan haɗawa.

Yaya ya haɗa komai yadda ya tuna, ya ajiye tabul a bakin zaure don ruwa. Ya ce "alo, un, deux", lasifikar waje ta amsa har tantabaru suka tashi. Ta ciki shiru, kamar akwatin banza a bango. Ya ƙara ƙarfi, ya jijjiga waya, ya bugi gefen tabul da hannu. Rumfa ta cika, malamai sun zauna, ana ta duban agogo. Ya kira wani abokinsa a Tsinga ya kawo wayar da ke raba mafita ɗaya gida biyu, abokin ya ce yana cikin cunkoson Mokolo, ko babur ba ya motsi. Kawu bai taɓa ajiye irin wayar nan ba.

Ƙanin Kawu ya leƙo ya ce, "A fara haka nan. Addu'a ba sai an ji ta take isa ba. Mata su yi haƙuri."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma na tsaya a bayan ƙyauren zaure na ce, "Yaya, kada ka sauya komai da yawa. Ɗauki wayar ciki ka sa ta a dama."

"Ke koma ciki, wannan ba littafin soyayya ba ne."

"Ba salula ba ce kuma, balle ka kashe ka kunna. Sa ta a dama."

Ya harare ni, amma ya sa. Ya yi magana, sai muryarsa ta fito ɓaro-ɓaro a tsakar gida har wata yarinya ta firgita. Ashe lasifikar ciki lafiyarta ƙalau, doguwar wayar ma haka. Na ce ya ɗauki ta waje ya sa a hagu. Ya sa, ta waje ta yi shiru. Muka dubi juna. Laifin yana cikin tabul. Ya duba maɓallan, kowanne yana inda ya kamata, amma in ya yi magana fitilun dama ne kaɗai ke hawa, na hagu suna kwance.

"Ya ƙone," in ji Yaya, muryarsa ta karye. "Na gaya masa tun yaushe. Na gaya masa."

Ya juya tabul ɗin zai nemi inda ake kwancewa, sai idona ya faɗa kan da'irar jan farcena, ta dushe ta koma ruwan ƙasa. Ramin da ke tsakiyarta fanko ne.

"Ƙusa," na ce. "Ina ƙusar?"

Bai san da ita ba, bayan tafiyarsa aka yi ta. Muka zazzage akwatin wayoyi a ƙasan zaure, muka duba aljihun jaka, muka duba cikin kura. Babu. A waje Liman ya yi gyaran murya, ƙanin Kawu ya ce ba za a ƙara jira ba.

Na shiga ciki na durƙusa gefen tabarmar Inna. Na ce ta yi haƙuri, wani ɗan ƙarfe ne ya ɓace, kamar tsawon ɗan yatsa, kan waya marar jela, in babu shi hagu ba ta magana. Sannan ta jawo bakin zanenta, ta fara kwance ƙullin da ke gefensa da haƙori, don ya ɗaure sosai. Ƙusar ce a ciki, ta yi ɗumi da jikinta.

"A aljihun rigar da aka dawo da ita daga asibiti take," in ji ta. "Shekara nawa ina cire ta kafin wanki. Ba ya barinta a jikin tabul, wai kada ta karye a kura." Ta sa mini a tafin hannu amma ba ta saki nan da nan ba. "Ki ce wa yayanki ya dawo mini da ita in an gama."

Yaya ya mayar da kowace waya wurinta, ya cusa ƙusa a cikin jar da'irar. Na ga fitilun hagu sun motsa, sai na ruga ciki. Lasifikar bango ta yi wannan ɗan gurnanin da take yi kafin magana, kamar mutum ya ja numfashi. Tsakar gidan ta yi tsit. Matan nan duka sun san abin da ke biyo bayan numfashin nan. Na dubi Inna, sai na ga hannunta ya riga ya ɗauki cokalin kunu, ta riƙe shi a saman kwanon.

Muryar Yaya ta fito, cike da kunya, ɗan fari yana magana inda mahaifiyarsa take.

"Ana ji a ciki?"

"Ana ji," mata suka amsa baki ɗaya, wasu suna share ido.

Cokalin ya tsaya a sama. Sannan a hankali Inna ta sauke shi, ta kwantar a kan tabarma yadda ko ƙara bai yi ba. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya.

"Inna, ba ki buga ba."

"Ba ni aka tambaya ba," in ji ta.

Liman ya buɗe da salati, muryarsa ta biyo doguwar waya ta ƙetare kwata ta shigo mana tas, babu kalmar da ta faɗi a hanya. Inna ta ɗaga hannuwanta ta ji addu'ar tun daga farkonta har shafa fatiha. Da jama'a suka watse Yaya ya aiko ni da ƙusar, ta mayar da ita ƙullin zane ta ɗaure sau biyu. Lasifikar ciki tana nan a bango har yau, babu wanda ya iya sauke ta, ita ma Inna ba ta ce a sauke ba.

Allah Ka ji ƙan Kawu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwanci. Ya yi rayuwarsa yana kai magana ga waɗanda ke bayan bango. Yanzu shi ne a bayan bango, ya Allah, Ka isar masa da tamu.